Ɓarawon Ruwan Juma'a

Ranar Juma'a kawai ruwan yake guduwa. Abdulmuhaimin zai cika tankin jiƙa shinkafa da safe, ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar babu ko ɗigo. Shinkafa ta tsane ta fara tsami, bawul ɗin da ke tare ruwa a bakin magudana kuwa a rufe gam kamar ba a taɓa shi ba.

Shi ne mai kula da injuna a wata masana'antar shinkafa da ke bayan garin Argungu. A shekarar 1996 babu abin da yake tinƙaho da shi irin na'urar da aka kawo daga Legas, mai bin tsarin da aka rubuta mata: ta tashi famfo, ta riƙe bawul, ta juya injin casa. Makulli ɗaya gare ta. Ka murɗa dama ta kama aiki, ka murɗa hagu ta tsaya cak ta saki duk abin da ke hannunta. Mutumin namu kuwa akwai taka-tsantsan, ba ya fita masallacin Juma'a sai ya murɗa hagu, kada wani abu ya motsa ba ya nan.

Hajiya Zakiyya, mai masana'antar, ta gaji da asara. Ta ce in aka kuma, ya nemi wani aikin. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ga mata ga jariri ko suna ba a yi ba.

Zarginsa ya faɗa kan Inno, tsohuwar da ke da lambun albasa bayan katanga, inda magudanar ke zuba. Albasarta ta yi kore shar a tsakiyar rani, biri ya yi kama da mutum. Ya tare ta da magana.

"Ɗan nan, ruwa sunka zaka lambuna, in kore su?" in ji Inno.

Ya canza kwaɗon ƙofar baya. Ya barbaɗa toka a gindin tanki don ya ga sawu, ko na kaza bai gani ba. Daga ƙarshe ya roƙi abokinsa Uchechukwu, mai sayar da kayan gyaran injin, ya laɓe masa a bayan tanki lokacin salla.

Ana sallamewa ya sheƙo a babur, ya murɗa makulli dama kamar kullum, ya zagaya baya da sauri. Tanki wayam. Uchechukwu yana zaune kan buhu yana shan rake.

"Wa ya zo?"

"Ko akuya ba ta gitta ba, abokina. Kana kashe injin, tun ba ka ta da babur ba, bawul ya yi ƙas ya buɗe. Yanzu da ka shigo ya koma ya rufe."

Sai a sannan Abdulmuhaimin ya tuna wuta ce ke riƙe da bawul ɗin a rufe. Ashe shi ne duk Juma'a yake buɗe wa Inno ruwa da hannunsa, ya wuce masallaci yana ja wa ɓarawo Allah ya isa.