Zoben Jan Fenti

Sai da mijinta ya shekara da rasuwa sannan ta yarda 'yarta ta haura da ita saman ƙaton injin ɗaga kayan nan na bakin kogin Clyde, wanda yanzu ya zama abin tarihi. Shekara talatin yana tuƙa shi. Ya hau da safe da filas ɗin shayinsa, ya dawo da yamma ba um ba um-um.

"Ƙarfen banza," in ji ta. "Shi ya cinye bakin babanki."

Ta leƙa ƙasa. Kogin ya koma zare, inda ake ƙera jirage ya zama fili, tsuntsaye na shawagi ƙarƙashin ƙafafunta.

"Mama, zauna a kujerarsa mana."

"Me zan tsinta a ciki?"

Ta zauna dai. A jikin gilashin da ke gaban kujerar an zana ɗan zobe da jan fenti, irin wanda ake shafa wa gindin jirgi. Ta miƙa wuya daidai tsayin mijinta, ta duba.

Duk faɗin garin, taga ɗaya ce ta faɗa cikin zoben: tagar da take tsayawa wanke-wanke.