Shirun Elihu Marsden

Otis ya ƙwanƙwasa bangon da guduma, sai ya kwashe da dariya.

"Malama, wanda ya jera wannan bulon ba magini ba ne. Ko ni da kika ce daƙiƙi ne ba zan yi wannan aika-aika ba."

"Har yau ban janye ba," in ji Wilma Marsden. "Fasa mu gani."

Wilma ta haura saba'in. Rabin mutanen Tarrow ta hannunta suka koyi karatu, har da Otis ɗin da yanzu furfura ta cinye masa gemu. Suna tsaye ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan kakan kakanta, Elihu Marsden, attajirin katako, wanda ya gina shi a kan tudu yana kallon kogin Ohio na Amurka, a zamanin da ake sayar da mutane a tsallaken kogin kamar awaki. Yanzu rufin ya rufta, tantabaru sun gaje bene. Majalisar gari ta ba ta zuwa ƙarshen kaka: ko ta kawo shaidar cewa an taɓa ɓoye bayi a gidan a gyara shi, ko a rushe a yi wurin ajiye motoci. Labarin baka, in ji su, ba shaida ba ne.

Labarin kuwa ko ɗan yaye ya san shi. Wani hunturu da kogin ya daskare, wata baiwa mai suna Dorcas ta tsallako da 'ya'yanta biyu. Masu farautar bayi suka bi sawunta har kan tudun, suka birkice gidan sama da ƙasa, ba su ga ko ƙyallenta ba. Sai suka tafi da Elihu. A ranar matarsa ta kulle gidan, ta kwashi yara da masu aiki zuwa gidan mahaifinta, don an yi barazanar cinna masa wuta.

Alƙali ya ce wa Elihu ya faɗi inda Dorcas da 'ya'yanta suke, ya kwana a gadonsa. Elihu ya ja bakinsa ya tsuke. An lallashe shi, an zage shi, an bar shi cikin sanyi ba bargo, bai ce uffan a kansu ba. Abu ɗaya ya yi ta roƙo, a bar shi ya ga matarsa su biyu kawai, aka hana. Sai da ƙanƙara ta narke suka gaji suka sake shi. Dorcas dai ba a taɓa kama ta ba, kowa ya ce ta kai Kanada, inda babu bauta. Shi ya sa duk shekara ake jera 'yan makaranta gaban mutum-mutumin Elihu su yi tsit na ɗan lokaci, kuma Wilma da kanta ta murɗe kunnen yara da yawa da suka yi dariya a wurin.

Tana alfahari da mutumin, amma a watannin nan haushinsa take ji. Bai yarda da kowa ba. Magina daga nesa ya ɗauko, kowane rukuni ya gina yankinsa a sallame shi. Ko matar da suke kwana ɗaki ɗaya ba ta san maɓoyar ba. Ya rufe sirrinsa har ya rufe wa jikokinsa hanyar ceton gidan.

A gida ana cewa kurkuku ne ya karya shi. Da aka sake shi, shi kaɗai ya hau tudun, ya yi kwanaki kafin ya aika iyali su dawo, suka tarar farar ƙasa irin wadda magina ke kwaɓawa ta cinye masa tafin hannu. Bai ƙara zama cin abinci da mutane ba. Ranar da aka tashi yabonsa a coci, miƙewa ya yi ya fice. Wilma ta sha gaya wa ɗalibanta cewa wannan shi ne tawali'u.

Bangon bai yi gardama ba. Bulo ya zube, ƙura ta lafa, sai ga ƙofar katako mai kauri, gajera, da sakatar ƙarfe da tsatsa ta ci.

Wilma ta dafe ƙirji. Daɗin da ta ji ba ya misaltuwa, har hawaye suka zo mata.

"Ga shaidarsu nan! Su zo su ajiye motocin nasu mu gani!"

Otis ya doki sakatar har ta saki, ya ja ƙofar, ya shafa bayanta.

"Ikon Allah. Ba mariƙi ta ciki."

"To da fa? Ka taɓa ganin an bar wa yaro mai firgita hanyar buɗe ƙofa alhali maƙiya na waje? Mai gida ne ke buɗewa ya kai musu abinci. Kai dai har yanzu sai an yi maka dalla-dalla."

Ya kunna tocila, ya sunkuya ya shiga. Ta jira ya yi mata tsiya kamar kullum, ba ta ji komai ba. Da ya fito, hularsa na hannunsa.

"Malama, don Allah kada ki shiga."

Ta fizge tocilar ta ture shi. Hasken ya fara sauka a bayan ƙofar, inda katakon ya sha yakushi, wani a sama, wani can ƙasa daidai gwiwarta. Ya wuce kan wani tulu da ke kife, ya tsaya a kusurwa.

Gaskiya garin ya faɗa, ba a taɓa kama Dorcas ba: ga ƙasusuwanta nan a kan busasshiyar ciyawa, rungume da wasu ƙanana guda biyu, inda suka zauna jiran mutum ɗaya tak da ya san suna ciki ya dawo ya zare sakata.