Sunan da Fihirisa Ta Zubar

Bo Ek bai taɓa karanta bayanin wata manhaja har ƙarshe ba, kuma da bakinsa yake faɗa, har da 'yar dariya. Ranar Talata dariyar ta ɗauke.

Alhamis kwamiti zai zauna ya sallami malami ɗaya a sashensu, wanda ya fi ƙarancin rubuce-rubuce a kundin sashen. Bo ya buɗe baƙin allon kwamfuta, ya buga umarnin bincike, ya sa sunansa. Babu komai. Ya sake, shiru. Ya gwada sunan Gunilla Strandberg, abokiyar aikinsa mai riƙe da kundin, sai ga maƙala arba'in sun zubo.

Aikinsa na shekara ashirin, wani ya share shi tas.

Ya same ta a ɗakin shan gahawa tana gutsurar burodin kirfa.

"Gunilla, me na tare miki? Ko sunana ne ya tsone miki ido?"

"Zauna, Bo, ka yi fari fat kamar gawa." Ta ci gaba da tauna. "Ban taɓa ka ba. Fihirisar da ake binciken kundin da ita ce ke zubar da duk kalmar da ba ta kai harafi uku ba. Wai tarkace ne."

Bo ya ƙirga sunansa a yatsa. Biyu, biyu.

"To a gyara mana."

"Kwamiti ya riga ya ciri jerin rubuce-rubucen kowa daga kundin tun jiya."

"Wane sakarai ne ya haɗa wannan fihirisar?"

Gunilla ta dube shi, ta tura masa sauran burodin. Shi ya haɗa ta, shekara goma sha ɗaya da suka wuce.