Keken Da Sanjar Ya Zaɓa

Shekara shida Sanjar ya yi a Koriya yana ɗaure kusoshi a kamfanin haɗa kekuna. Da ya dawo garinsu Namangan ya tarar an sare tsohuwar bishiyar ƙofar gida, an zuba wa titinsu kwalta rabi an bar rabi, mai gashin burodin bakin layi ya koma sayar da wayoyi. Yayyensa biyu sun gina nasu gidajen sun tashi. Babansa ya rage tsawo, ya ƙara tari. Mahaifiyarsa, Aya, ta tsiri zuwa gidan ƙanwarta kullum da sassafe, sai la'asar ta dawo ta tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi. Abu ɗaya ne bai canza ba: shi ne auta, kuma kowa ya san auta ke zama ya riƙe iyaye.

Shi kuwa tikitin komawarsa na cikin waya, saura kwana tara. Bai gaya wa kowa ba.

Suna shan shayi a tsakar gida Baba ya dafa aljihun ƙirjinsa, inda wata takarda ta leƙo.

"Masaƙarmu ta fito da wani tsari. Ma'aikaci ya zaɓi keke mai batir, su saya masa, shi kuma ya sa hannu zai yi shekara biyu bai bar aiki ba. Kai ka san kan keke. Gobe ka raka ni."

"Keken wa, Baba?"

"Na gida mana."

Shekara biyu. Ita kaɗai ta zauna a kunnen Sanjar. Ya tuna sau biyu Baba na ce masa masaƙa na neman kanikawa. Ya lura hannuwan tsohon, da ya sani shuɗi saboda rini, yanzu fes suke, kuma ba ya fita sai hantsi. Wato ya riga ya saki gurbinsa, ana jiran wanda zai gada. Takardar ma an ninke ta yadda ba a ganin layin suna.

Shagon kekunan na Bahrom-aka ne ("aka" laƙabin girmamawa ne a can), ɗan unguwarsu, mutumin da in ya ji magana da safe, kafin azahar ta kai masallaci.

"Tolib-aka, mai ɗa a Koriya me zai yi da keke? Ai mota ta kamace ka. Kai da uwargida yanzu sai miƙe ƙafa, ɗa ya ɗauke muku wahala."

Baba ya yi dariya, gajeriya.

"Ku dai duba da kyau," in ji Bahrom-aka. "In na buga hatimi a takardar nan, babu canji."

Baba ya wuce manyan kekunan ya tsaya gaban wani ƙarami, marar ƙarfen tsakiya. Ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Ya tambaya ko mutum ɗaya zai iya tsallakar da shi lambatu. Ya duƙa ya shafa murfin da ya rufe sarƙa.

"Wannan ai na mata ne, Tolib-aka. Ga kwando a gaba, sai ka ce za ka cefanen albasa. Yaran masaƙa sai sun yi maka waƙa."

Baba ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta.

Sanjar na gefe yana kallo. Shi a ganinsa duk wasa ne, ana zagaye-zagaye don kada ya gane. Sai ya yanke shawarar gwada su. Ya jawo wani baƙi dogo, mai ƙarfen tsakiya har kwankwaso, wanda in ba mai tsawonsa ba babu mai hawa. In na Baba ne da gaske, tsoho mai ciwon gwiwa zai ƙi. In ya karɓa, magana ta fito.

"Wannan shi ne keke, Baba. Batirinsa sai ya kai ka har garin Andijan."

Baba ya dubi keken, ya dubi ƙaramin, ya dubi Bahrom-aka da ya baza kunne yana goge hatimi.

"Sirdin yana sauka?"

"Kaɗan."

"To. Rubuta shi."

Baba ya juya baya kafin ya buɗe takardar, ya rufe samanta da tafin hannu.

Bayan kwana biyu aka kawo keken. Sanjar ko kallonsa bai yi ba. Da la'asar ya shige ɗaki ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado. Ba zai jira kwanakin su cika ba, gobe zai bi motar Tashkent, babban birni, ya kwana wurin aboki. Ya zaci sai ya yi faɗa kafin a ba shi fasfonsa, amma ga shi nan inda ya ajiye, ba wanda ya taɓa. Rigunan sanyinsa ma an wanke an goge, an jera a kan kujera.

Yana cusa su a jaka ya ji ƙarar zarto daga bayan gida, wajen rumfar inabi. Ya matsa jikin taga. Baba ne durƙushe, yana tari, ya gama yanke sandar sirdi yana mayar da shi can ƙasa.

"Shi ke nan, ba zai sauka fiye da haka ba," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "A sake gwadawa, a hankali. Kada yaron nan ya ji ya ce don mu zai fasa tafiyarsa."

Sanjar ya ɗaga labule, jaka a hannu. Aya ce riƙe da kan keken, ta tattare gefen doguwar rigarta, tana ta ƙoƙarin ɗaga kumburarriyar ƙafarta ta tsallake ƙarfen, katin ma'aikatan masaƙa mai hotonta na lilo a wuyanta.