Maimaita Abin da Ka Ce

Ta sallami yaran lesin, tana goge allo, sai ya yi sallama. Ba ta juya ba. Muryar mutumin da ya fasa aurenta ba za ta ɓace mata ba.

"Malama, ɗana ya faɗi jarabawa. Kowa ke yake nuna min." Ya murza makullin motarsa. "Kuma tun rabuwata da uwarsa nake tunaninki. Ki yafe min, mu gyara."

Ta nuna masa bencin yara. Ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji.

"A nan, wanda ya yi kuskure sai ya maimaita shi da bakinsa kafin a gyara. Me ka ce min ranar da ka fasa aurena?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce mai bin gidajen mutane da alli ba matar aure ba ce."

"Ban ji ba."

Ya ɗaga murya ya sake faɗa.

Sai a lokacin ta dube shi, har da murmushi. "Kawo yaron gobe. Shi ɗanyen icce ne, zai tanƙwaru. Kai kam ka bushe." Ta buɗe masa ƙofa. "Kuma iyaye a waje suke jira."