Uwar Amarya da Kwalabe Uku

Tsufa ciwo ne da ya gagari likitocin duniya kaf, na gabas da na yamma. Sai fa wani shago a bakin kasuwarmu, tsakanin mai gyaran waya da mai niƙan tattasai, inda ake sayar da maganinsa a kwalba. Na ga kin dawo daga can da leda a hannu, ƙanwata. Kafin ki buɗe, zauna in ba ki misali.

Wata mata ce mai sayar da atamfa, ta doshi sittin. Fatarta irin busasshiyar nan ce da ba ta son wasa: sabulu mai ƙamshi ya taɓa ta, sai ƙaiƙayi, turare ya sauka a wuya, sai ƙuraje. Shekara arba'in ba ta san wani mai ba sai man kaɗanya, kuma suna zaune lafiya. Sai auren autarta ya taso. Ranar da dangin ango suka kawo lefe, wata daga cikinsu ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, sannan ta tambaya cikin ladabi ko uwar amaryar tana ciki. Ba da mugunta ta yi ba, shi ne ma abin ciwon. Ga shi uwar ango aji ɗaya suka yi a firamare, amma ita fuskarta na sheƙi kamar sabon kwano. An kuma riga an tsara cewa ranar biki za a tsayar da uwar amarya da uwar ango kafaɗa da kafaɗa a ɗauki hoto, irin wanda ake faɗaɗawa a rataye a falo har jikoki su girma su gani. Saura kwana goma sha huɗu. Matar nan ta ƙulla zumunci da madubi. Ta ƙirga tamojin gefen idonta da safe, ta sake ƙirgawa da la'asar ko an samu ƙari. Abinci ya daina shiga. Mai saye na tambayar yadi, ita tana leƙen kanta a gilashin kanti.

Kunya ta hana ta tambaya da bakinta, sai ta tura wata ƙawa ta bugi cikin uwar ango. Ƙawar ta dawo da hoton kwalabe uku a waya: na goge fata, na matse ta, da na korar tamoji. Abu biyu ne ba su fito a hoton ba. Uwar ango mai maiƙon fuska ce tun suna yara, kuma shekara biyu ta yi tana saba wa fatarta da su, ɗaya bayan ɗaya, ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero. Da uwar amarya ta kai hoton shagon nan na bakin kasuwa, mai shago ya zaro ukun ba tare da ya ɗaga kai ya dubi fuskar da za a shafa wa ba, ya ce, "Hajiya, in kin ji yana zafi, aiki yake yi." To wannan mata, wadda ba ta taɓa barin mai saye ta tsoma sabuwar atamfa a ruwa ba sai ta ce a fara jiƙa gefe a ga ko tana zuba, ita ce ta shafe fuskarta daga goshi zuwa wuya, ukun a haɗe, a rana ta farko. Takardar jikin kwalba ta ce sau biyu a mako. Ta duba kalanda, ta ga makonnin ba za su isa ba, ta mayar da shi sau biyu a rana.

Rana ta biyu ta ji zafi, ta yi hamdala. Ta huɗu kumatu suka yi ja, ruwan alwala ya koma kamar an jiƙa barkono a buta. Tsoro ya kama ta, amma tsoron hoto ya fi ƙarfi, sai ta ƙara kauri. Ta takwas ta tashi fata na saɓa, leɓe ya tsage, idanu sun kumbura har sai ta sa yatsa ta ɗaga fatar ido kafin ta ga ƙofa. Da aka kai ta asibiti, likitar fata ta jera kwalaben a tebur, ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ta ce babu jabu a ciki, na fatar wata ne kawai. Fata irin tata, in ji likita, abu ɗaya ake gwada mata, marar ƙamshi, a bayan kunne, a jira kwanaki a ji abin da za ta ce. Yanzu kam sai ruwa mai ɗumi da mai marar haɗi, a guji rana, mako uku.

"Likita, biki saura kwana huɗu."

"Allah ya sanya alheri, Hajiya. Ita fatar ba a kai mata katin gayyata ba."

Ranar biki ta wuni a uwar ɗaka, fanka na kaɗawa, mayafi har hanci, mata na shigowa suna yi mata sannu. Wasu suka ce baki ne, wata ta rantse ta san mai hannu a ciki. Da mai hoto ya kira iyaye, ƙanwarta ce ta fita ta tsaya kusa da uwar ango. A yi wa mai shago adalci dai, tamojin sun tafi, ko ɗaya bai rage ba. Kumburarriyar fuska ba ta da tamoji.

Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.