Zoben Marigayi Bushaibu

Suna cikin feɗe sardin a bakin tashar jiragen kamun kifi ta Asfi Lalla Mbarka ta ga yatsan 'yarta fayau. Sai farin zane a inda zoben yake zama.

Zoben azurfa ne, na mijinta marigayi Bushaibu. Ita da kanta ta sa wa Ibtisam shi, ta ce kada ya bar hannunta sai zuwa ga wanda zuciyarta ta zaɓa. Da ta tambaya, yarinyar ta ce alƙalin wasa ba ya bari a shiga filin ƙwallo da ƙarfe, shi ya sa ta ajiye. A ina? Ta ce tana sane da wurin.

Mbarka ba ta yi boko ba, amma ba a taɓa sayar mata da kifin jiya a matsayin na yau ba. Ta san warin magana.

Dama kasuwa ta daɗe tana tafasa. Matan da ke layin kifi ba su da hira sai ta ƙungiyar ƙwallon mata, wai duk wadda ta shiga ba ta ƙara kallon namiji. Ɗan mai sayar da raga, da ya fara aiko da sukarin neman aure gidan, ya janye ba sallama. Kuma kowa yatsansa wuri ɗaya yake nunawa: Rikiya, mai tsaron gida. Aski irin na soja, kafaɗa kamar ɗan dako, murya kamar injin kwalekwale. In an tafi wasa wani gari, ita ake haɗawa ɗaki ɗaya da Ibtisam.

Abin da ya fi ci wa Mbarka rai, ga yaran kirki a ƙungiyar. Ga Widad, mai buga gefe. Gashi har kugu, hannu ba ya rabuwa da lalle, kullum da ɗan mayafi naɗe a wuya saboda iskar teku na kama mata maƙogwaro. Duk Juma'a tana zuwa cin kuskus, ta sumbaci goshin Mbarka ta kira ta Inna, ta wanke kwanuka ba a sa ta ba. Sabo ya kai har shayi a kofi ɗaya suke sha da Ibtisam. Me ya hana a haɗa 'yarta da irin wannan?

Ta yafa jallabiyarta ta nufi filin horo. Kifin da yaran ke ci bayan wasa daga teburinta yake fitowa, kyauta, kuma Si Larabi mai horarwa ya san haka. Ta ce masa ya zaɓa: ko Rikiya, ko kifinta da 'yarta a kai.

Si Larabi ya yi ta roƙo. Wasan kofi na tafe a Agadir, ba shi da wata mai tsaron gida. Ya ce yarinyar nan har baiko an yi mata da wani masunci da ke Dakhla, gashin kuma gumi ne ya sa ta aske. Mbarka ta ce ta ji, ita ma ta sha cewa kifinta ɗan safe ne. Ya ce a raba musu ɗaki kawai. Ta ce a'a. Ya ce a bari sai bayan kofi. Ta juya kamar mai barin ciniki, ta tabbata zai kira ta. Ya kira ta kuwa, ya ce zai sallami Rikiya.

Rikiya ta tare ta a ƙofar fili, safar hannunta a hammata.

"Lalla, wallahi zoben nan ba ya wurina."

"To yana wurin uban wa?"

Rikiya ta dubi fili inda sauran ke gudu. Ta ɗauki jakarta ta tafi. Mbarka ta ce a ranta, shiru ma amsa ce.

A Agadir aka yi musu ruwan ƙwallaye. Ibtisam ta dawo ta daina yi wa uwarta magana sai gaisuwa. Ta ce an zalunci wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Mbarka ta ciji yatsa: ka ciro mutum daga rijiya, ya fito yana hararar ka. Zoben kuma shiru. Da ta rasa dabara sai ta roƙi Widad ta dawo gidan da zama, ko ta rarrashi ƙawarta. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce to, Inna. Cikin mako guda dariya ta dawo ɗakin Ibtisam, Mbarka ta zagaye layin kifi tana faɗa wa kowa ta raba 'yarta da annoba.

Ranar Alhamis da rana ta haɗa bokiti da baƙin sabulu za ta gidan wanka. Widad ta saba kawo uzuri, yau ciwon kai, gobe horo. Mbarka ta ce 'yar gida ba ta ƙin uwa ta cuɗa mata baya, in ba raini ba. Ta ja hannunta. Ibtisam ta bi su da ido har suka sha kwana.

A ɗakin zafi, cikin tururi da hayaniyar mata, Widad ta zauna ta ba ta baya, hannunta ɗaya dafe a ƙirji. Mbarka ta tattara dogon gashin nan ta ɗaga, tana cewa Allah ya ba 'yarta rabin nutsuwar wannan yarinya. Sai ta ga wani siririn zare a wuyan da mayafi ya saba rufewa. Ta ja shi don kada ya hana ta cuɗa.

Zoben Bushaibu ya zagayo ya faɗo a tafin hannunta.